Waiwaye: Jitar Bahago, Daga Wayar Birkin Keke Zuwa Dandalin Duniya

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ya ƙetara iyaka ya sauka Sakkwato, ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan ɗaukar waƙa masu aiki da salon waƙoƙin finafinan Hausa. Lokacin ana tsakiyar yayin na'urar nan mai lanƙwasa murya. Ya zauna da jitarsa ta katako, aka haɗa masa kiɗan ganga na kwamfuta, ya rera waƙoƙinsa da harshen Tamashek. Kundin da ya fito daga wannan zama shi ne Anar. Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin, babu kantin da ya baje shi. Daga salula zuwa salula ya riƙa bi, ta bulutut da katin waya, daga tashar mota zuwa kasuwar dabbobi, har waƙoƙin suka kai arewacin Mali. Sunan saurayin na yanka Mahamadou Souleymane, amma da Mdou Moctar duniya ta san shi.

A wurinmu mutanen Dakoro wannan labarin maƙwabta ne. Ƙasar Azawak, inda Abalak da Cintabaradan suke, inda kuma aka haifi makaɗin a tsakiyar shekarun 1980, tana nan arewa maso yamma da mu. Makiyayan da ke gangarowa kwarin Tarka da rani su haura arewa da damina ba su taɓa ɗaukar iyakar jihar Maraɗi da ta Tawa a bakin komai ba. Bahaushe da Bafillace da Ba'abzine kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Shi ya sa kiɗan jitar Abzinawa ya daɗe da zama ɗan gida a kunnenmu: yana tashi a rumfar mai cajin waya, yana tashi a bayan motar da ta nufi Bermo. Abin da ba kowa ya tsaya ya lura da shi ba shi ne riƙon da Mdou ke yi wa jitarsa. Wuyanta damansa yake kallo, hannun hagu ke kaɗa tsirkiya, na dama ke danna ta. Bahago ne. Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana. Namu na wannan karon kan kayan kiɗan wannan bahago ne da na takwarorinsa na wasu ƙasashe, domin a tarihin kayan akwai abin da ya shafi ƴaƴanmu, har waɗanda ba za su taɓa riƙa jita ba.

Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta. Ya taso a gidan da ake riƙo da addini sosai, inda ba a ɗauki kiɗa sana'ar ɗan mutunci ba, balle a cire kuɗi a saya wa yaro abin kaɗawa. Sai ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen jitar Abzinawa a Nijar, wanda kasetocinsa suka yi yawo a ɓoye zamanin tawayen shekarun 1990, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995. Abin da yaron ya gani ya hana shi sukuni. Ya samo katako, ya mayar da wayar birkin keke tsirkiya, ya yi maɗaurai da ƴan ƙarafan buɗe gwangwanin kifi. Duk wanda ya taɓa warware wayar birki ya san aikin. Sili-sili ne na ƙarfe aka murɗe wuri guda, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna sukar yatsa, suna nannaɗewa, wanda ya karye a tsakiya kuwa ya tashi daga aiki. Irin wannan tsirkiya ba ta riƙe ɗauri, ga cin fatar yatsa. A kanta ya koyi inda kowane sauti yake kwana.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasashen nan namu. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tak, kuma da shi ya zaga ƙasashe. Gurmin marigayi Malam Maman Barka ƙoƙo ne da fata da sanda. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Mali da ta ci kyautar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya fara. Sai dai ga bahago, jitar gida tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Tunda kai ka ƙera ta, a kan hannunka ka auna ta, babu wanda zai ce maka ga gefen da za ta kalla. Rigimar hagu da dama sai ranar da aka haɗu da jitar kanti take tasowa.

Ita jitar kanti a kan mai hannun dama aka gina ta. Tsirkiya shida gare ta, a jere daga mai kauri a sama zuwa siririya a ƙasa. A ƙarshen wuya akwai ɗan ƙashi ko roba mai tsaga shida, kowace tsaga daidai kaurin tsirkiyarta. A kan ciki akwai jaki, wanda aka saita yadda mai kauri za ta ɗan fi siririya tsawo, in ba haka ba sauti ya riƙa gocewa duk lokacin da yatsa ya yi nisa a wuya. In ta lantarki ce, mamurɗan ƙara sauti da rage shi da ramin soka waya duk a ƙasa suke, inda ba za su tokare hannu ba, an kuma rarake gangar jikin ta ƙasa don yatsu su kai ƙarshen wuya. Da bahago ya juya ta, komai ya birkice, kamar an sa wa mutum takalmin dama a ƙafar hagu. Kusan mutum ɗaya ne cikin goma bahago a duniya, don haka kaɗan kamfanoni ke ƙerawa dominsu. Ɗan kasuwar da ke sayo jita biyu ko uku daga Kano ko Legas kuwa ba zai ɗauko wadda za ta shekara a rataye ba a taya ba.

Hanya uku bahagwai suka bi. Ta farko ita ce a kifa jitar yadda take, siririyar tsirkiya ta koma sama, a koyi komai a juye. Haka Elizabeth Cotten ta yi, baƙar fatar Amurka da ta yi aikatau tana yarinya har ta tara kuɗin jitarta, ta kuma karɓi Grammy a 1985 tana da shekara 90 da ɗoriya. Haka Albert King ya yi da jitarsa Gibson Flying V, wadda gefenta biyu daidai suke. Da yake siririyar tana sama a wurinsa, janyo ta ƙasa yake yi maimakon ya tura ta sama, kuma yatsa ya fi ƙarfi wajen ja, shi ya sa yake lanƙwasa sauti ya kai inda masu dama ke shan wuya kafin su kai, har suka koma suna kwaikwayonsa. Eyadou Ag Leche, mai jitar bas ta Tinariwen, shi ma a juye yake kaɗa tasa. Wannan hanya ita ce ta mai aro. A unguwar da jita ɗaya ke yawo a hannun samari goma, ba ka isa ka kwance tsirkiyar mutane ka sake jera ta don kanka ba. An ba ka aron awa ɗaya, a cikinta za ka koya ka mayar wa mai ita.

Hanya ta biyu ta Jimi Hendrix ce, wanda aka haifa a Siyatil a 1942, ya rasu a Landan a 1970 yana ɗan shekara 27. Da tsintsiya ya fara kwaikwayon kiɗa, sai a 1958 ya mallaki jitar katako ta dalar Amurka 5. Marubuta tarihinsa sun kawo cewa mahaifinsa ya so tilasta masa kaɗawa da dama, don yana ganin hagu ba hannun alheri ba ne. Da ya kawo ƙarfi, Fender Stratocaster ta masu dama yake saye, ya kifa ta, ya kwance tsirkiyoyin ya sake jera su mai kauri a sama, ya juya ɗan ƙashin wuyan. Mamurɗai suka koma ƙarƙashin hannunsa, waya ta koma tana fitowa ta sama, amma ya samu wani abu a madadin wahalar. Stratocaster, wadda kamfanin Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1954, tana da maɗaukan sauti uku, wato ƴan sandunan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, su ke mayar da karkarwar tsirkiya ta zama lantarki. Na kusa da jaki an karkata shi da gangan, don sirara su yi kaifi, masu kauri su yi taushi. Da Hendrix ya sake jeri, sai karkatar ta yi aiki akasin haka: masu kauri suka ƙara kaifi, sirara suka rage tsini. Ya haɗa wannan da amfilifaya ƙirar Marshall ta Ingila wadda yake ƙure wa murya, da ƴan akwatunan da ake takawa da ƙafa, irin su Fuzz Face mai sa sauti gurnani. Farar jitar da ya kaɗa a taron Woodstock a watan Agustan 1969 tana ajiye a gidan tarihi a garinsu. Kamfanin Fender kuwa daga baya ya koma yana ƙera wa masu dama jita mai juyayyen kai da juyayyen maɗauki, suna biyan kuɗi don su samu abin da larura ta ba bahago.

Hanya ta uku ita ce a samu jitar da aka ƙera domin bahago tun daga masana'anta. Ita ta fi sauƙi ga hannu, ita kuma ta fi wuyar samu ga ɗan Abalak ko ɗan Dakoro. Ga yadda ta iso hannun Mdou. Wajen 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, daga birnin Fotlan, yana Kidal yana musayar waƙoƙi da samari daga katin waya. Cikin abin da ya tara akwai waƙar Mdou mai suna Tahoultine. Ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds, wanda ya fito a 2011, ya kuma shiga cigiyar mai ita. Da ya gano shi ya biyo shi Nijar, kuma cikin abin da ya kawo masa har da jitar lantarki ta bahagwai.

A dubi abin da ya biyo baya. A 2013 kundin Afelan ya fito, wanda aka ɗauka a Cintabaradan. A 2015 Mdou ya fito a matsayin jarumin wani fim na Tamashek da aka yi a Agadas, wanda aka ɗora bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. A 2019 kundin Ilana ya fito, wanda aka ɗauka a birnin Ditroit. Ƙungiyarsa ta tsaya da ƙafafunta: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bas. Kamfanin Matador na Niyok ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, inda yake waƙa kan mulkin mallaka, da yuraniyom da ake haƙa a Arlit alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu, da haƙƙin mata, da harshen uwa da matasa ke saki. Turawa suka riƙa kiransa Hendrix na Sahara, ko da yake a kan kaset ɗin Abdallah ya tashi, ba a kan faifan Hendrix ba.

Wanda ya kalli bidiyonsa na ƴan shekarun nan zai ga farar Stratocaster ta bahagwai rataye a kan babbar riga, rawani ya rufe rabin fuska. A zura wa hannun hagun ido. Ba ya riƙe da ɗan ɓallin robar nan da makaɗan Turai ke kaɗa tsirkiya da shi. Babban yatsa na kan masu kauri yana riƙe da amon ƙasa, manuni kuma na share sirara sama da ƙasa da saurin da ido ba ya iya bi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko mai molo zai gane hannun nan take, don gadon kayan kiɗanmu na gargajiya ne aka ɗora wa ƙirar Kalifoniya. Yatsun dama kuma na bubbuga tsirkiya a kan wuya suna fizge ta, kaɗawa ɗaya ta haifi sauti uku ko huɗu. Daga baya ya ga bidiyon makaɗin jita Eddie Van Halen, ya ɗauki dabarar bubbuga wuyan jita da hannun kaɗawa, ya sarrafa ta ta shiga takun kiɗan takamba. A gaban ƙafarsa akwai ƴan akwatunan takawa, mai kaurara sauti da mai sa shi kaɗawa yana dawowa. Duka kayan ba su fi ƙarfin abin da ɗan makarantar kiɗa mai rufin asiri a Amurka ke da shi a ɗakinsa ba.

Makarantar wannan kiɗa kuwa filin biki ce. A garuruwan arewa, in an yi la'asar sakaliya ko bayan isha'i, sai a shimfiɗa tabarmi a fili, a kai janareta can bayan katanga da doguwar waya don kada ƙararsa ta haɗiye kiɗan, a ɗora amfilifaya kan kujera ko a kafa ta cikin rairayi. Wuta na hawa tana sauka. Ƙura na shiga mamurɗai, da an taɓa sai ƙarar-ƙarar. Tsirkiya ta tsinke babu kanti kusa, sai a ƙulla ta a ci gaba. Ga tafi, ga guɗa, ga baburan samari, dole makaɗi ya ƙure ƴar amfilifayarsa kafin na baya su ji, ita kuma in an ƙure ta sai muryarta ta dushe ta yi ƙara. Abin da injiniya zai kira lalacewar sauti, kunnen ƴan biki ya saba da shi har ya zama daɗi. Likitan kayan shi ne mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, da ƙarfensa na like da dalma. Wanda ya yi shekaru yana riƙe taro a irin wannan hali, ranar da aka ɗora shi kan dandali mai tsayayyar wuta da manyan lasifikoki, wasa ne a wurinsa. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar ta fitar da ƙananan kundaye biyu masu suna Niger EP, waɗanda suka ƙunshi abin da aka ɗauka a gida, har da wuraren biki.

Cikin bahagwan jita babu wanda ya kai Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath gyara kaya su bi hannu. Ɗan Bamingam ne ta Ingila. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, wato hannun da bahago ke danna tsirkiya da shi. Hanya mafi kusa ita ce ya juya ya koyi kiɗa irin na masu dama, amma bai bi ta ba. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya dunƙula ta, ya rarake da ƙarfe mai zafi daidai kan yatsa, ya goge, ya manna mata fata don ta kama tsirkiya. Tsirkiyoyin wancan zamani sun yi masa tauri, sai ya ari sirara na banjo. Daga baya ya sassauta ɗaurin jitarsa Gibson SG gaba ɗaya, sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi, kamar yadda ake ji a kundinsu Master of Reality na 1971. Wannan nauyin yana cikin tubalan da aka gina salon hebi metal a kansu.

Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana, wanda ya rasu a 1994, shi ma bahago ne, kuma da jitoci masu araha ya yi suna, irin su Univox da Fender Mustang. Jitar Martin ƙirar 1959 da ya kaɗa a shirin MTV Unplugged a 1993, ta masu dama ce aka juya masa. A watan Yunin 2020 aka yi gwanjonta kan sama da dalar Amurka miliyan 6. Katako da ƙarfen da ke jikinta ba su kai ko kusa da haka ba, hannun da ya riƙe ta aka saya. Shi ma Mdou an ga irin wannan shaida a kansa. Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar na rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can. Cikin wannan zaman jira suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa a Niyok, suka ajiye hayaniyar lantarki, suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice, wanda lokacin bai fito ba tukuna, da jitar katako. Shi ne Tears of Injustice da ya fito a Fabrairun 2025. An cire gurnani, an cire amo, amma da ya kaɗa sau biyu ka san wane ne.

Darasi na farko na matasa ne. Kalmar da ta fi yawa a bakin samarinmu a majalisar shayi ita ce babu kayan aiki. Mai son ɗaukar hoto na jiran babbar kamara, mai son ɗinki na jiran keke mai lantarki, mai son waƙa na jiran a buɗe masa ɗakin ɗauka a Maraɗi. Ƙorafin gaskiya ne, talauci ba ƙarya ba ne. Amma duk waɗanda muka lissafa da abin da ke gabansu suka fara, kuma kayan kirki sun same su ne suna cikin aiki. Da Kirkley ya iso ya tarar da mutumin da bai taɓa yanka yatsa a kan wayar birki ba, da jitar ta zama adon bango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi na biyu namu ne manya, kuma ya fi ɗaci. Kada labarin gwangwani da wayar birki ya zame mana hujjar zura ido, mu ce ai mai baiwa zai fito ko ta halin ƙaƙa. Baiwar Mdou tana nan tun kafin 2008, amma sai da kayan da suka dace da hannunsa suka iso, tare da hanyar fitar da aikinsa, sannan ta kai inda ta kai. Kuma baƙo ne daga bakin tekun Amurka ya kawo su. Abin tambaya, nawa ne irinsa tsakanin Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle waɗanda babu baƙon da zai biyo sawunsu? Juya jitar katako ta koma ta bahago ba ya buƙatar masana'anta. Ɗan guntun ƙashi ne da magagari: a sassaƙa sabon ƙashin wuya mai tsagogi a juye, a gyara karkatar jaki, a sake jera tsirkiya. Kafintan da ke haɗa gado da kabad a Dakoro ya fi ƙarfin wannan. Haka maƙerin da ke ƙera lauje da wuƙa zai iya wasa bakinsu ta ɗaya gefen in an gaya masa mai aikin bahago ne. Telan da ke da yaro bahago a shagonsa zai iya sa a sayo masa almakashin hagu, maimakon ya riƙa zaginsa wai ba ya iya yanka miƙaƙƙe, alhali almakashin ne ke rufe masa layi yana tauna yadin.

A lakwal, wato makarantar boko, abin ya fi fitowa fili. Yaro bahago na rubutun boko a kan allo, daga hagu zuwa dama, gefen hannunsa na biye da alli yana share abin da ya rubuta. Ya ɗaga allo, malami ya ga dusu-dusu, sai tsawa, wani lokaci har da bulala a bayan hannu. A benci kuma gwiwar hannunsa na karo da ta maƙwabcinsa. Maganin duka bai kai kuɗin goro ba: a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu, a karkata masa allo ko takarda, a nuna masa ya riƙe alli daga ƙasan layi. A maimakon haka sai a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a tilasta masa dama, a wayi gari da yaro mai mummunan rubutu mai tsoron aji, a kuma yanke masa hukuncin daƙiƙanci. Abin mamaki, mu ɗin nan ne a filin dambe muke tsalle in an ce bahago ya shigo, har laƙabi ake yi da shi, Bahagon wane, don an san naushinsa ta inda ba a zata yake zuwa.

Kada a yi wa maganar nan gurguwar fahimta. Ci da sha da gaisawa da miƙa abu da karɓa da hannun dama koyarwar addini ce da tarbiyya, kuma bahago na koyonsu ba tare da wahala ba. Shi kansa Mdou Musulmi ne mai riƙo da ibadarsa. Haka kuma uban da ba ya son ɗansa ya zama makaɗi yana da ikon ra'ayinsa, ba jita muke tallata wa kowa ba. Zancen na hannun sana'a ne, hannun da ke riƙe alƙalamin boko da guduma da allura da ƙarfen gyaran salula. Wannan hannu Allah ne ya zaɓa wa yaro tun kafin ya iya magana, kuma duka ba ya canja shi, sai dai ya dakushe shi.

Don haka kira gare ku iyaye, da ku malaman lakwal, da ku masu gidan sana'a na Dakoro da kewaye. Ku lura da hannun da yaro ke miƙawa in an ba shi kayan aiki. In hagu ne, ku kai kayan wurin maƙeri ko kafinta a gyara su, ku bar wa yaron hannunsa.